Tamfol da Tayar da Arzika Bai Saya Ba

Jama'a, ku yi haƙuri da ni idan maganata ta fito a hargitse. Kwana goma ke nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki muciya sai in manta abin da zan tuƙa, in na shiga ɗaki sai in rasa abin da ya kai ni. Inna har ta fara zancen a karɓo mini rubutu wajen malam. Ni kuwa na san ciwona, ba iska ba ne, tamfol ne da tayar mota.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Saude, 'yar Malam Idris mai awon gyaɗa a Tsafe. Shekarata ashirin. Mijina na fari ya rasu ina da wata bakwai a ɗakinsa, na gama takaba na dawo gida. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina kai su bakin hanyar Funtuwa inda manyan motoci ke tsayawa a zuba musu ruwa. A nan Arzika ya gan ni. Direba ne mutumin Bunguɗu, dogo, mai wushirya, shekara goma sha ɗaya yana jan motar wani Alhaji yana tara kuɗin tasa. Ina son sa. Na faɗa muku tun yanzu don kada nan gaba wani ya ce na ɓoye.

Sau biyu ana sa ranar aurenmu ana ɗagawa, duk saboda motar nan. A karo na biyu Baba ya kira shi zaure, ina bayan zana ina ji, ya ce: "Arzika, ni ba ni da ɗiyar da za a riƙa wasa da ranarta. Kahin azumi a ɗaura. In azumi ya kama ba a ɗaura ba, ka bar tako mani ƙofar gida." Baba ba ya magana biyu, duk Tsafe an san shi da haka. Lokacin da abin da zan gaya muku ya faru, watan Sha'aban yana da kwana goma sha biyu.

Ran Litinin da hantsi ina matsar tunkuza a tsakar gida, hannuna duk mai, sai ga wasiƙa wani direban Gusau ya miƙo ta ƙofa. Na goge hannu a gefen zani na shige ɗaki. Arzika bai iya boko ba, mai rubuta wasiƙa na bakin tasha yake sawa. Ni ce dai na yi wata takwas a ajin yaƙi da jahilci na mata, Inna tana ta mita wai mace da alƙalami me za ta yi. Ga abin da ke ciki:

"Takarda ta fito daga hannun Arzika direba zuwa ga Saude. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Bayan haka ina sanar da ke mota ta samu. Fam ɗari tara aka sallama, na ba da ɗari uku, saura wata-wata. Kuma akawun kamfani mutumin kirki ne, ya yi mani gyara irin wanda ban taɓa gani ba: tamfol sabo, taya ta ajiya, jak da akwatin sifana, benci biyu, har da fenti da rubuta sunana a jikin ƙofa. Gobe Talata zan ɗauko ta, Laraba ki ji ƙahonta a Tsafe. Ga takardar kamfani nan ki nuna wa Baba. Haza wasalam."

Wayyo, daɗi! Na rungume wasiƙar na yi juyi a tsakar ɗaki har ɗankwalina ya faɗi. Kun dai san gyara: ka sayi ƙuli na kwabo, in ciniki ya faɗa sai in jefa maka ɗaya ko biyu a kai don ka dawo gobe. Mai hatsi yana yi, mahauci yana yi. Ba a taɓa neman kuɗinsa, wanda ya nemi kuɗin gyara ya gama zubar da kansa a kasuwa.

Sai na warware takardar kamfanin. Turanci ne, ko kalma ɗaya ban gane ba, amma lamba ba ta da Turanci. Layi na farko ɗari tara. Ƙarƙashinsa wasu layuka biyar, kowanne da lambarsa a gefe: sha takwas, ashirin da biyu, tara, biyar, takwas. Na ƙirga abubuwan da ya lissafa a wasiƙa, su ma biyar. Can ƙasa kuma ga babban yatsan Arzika ɓaro-ɓaro da shuɗin tawada. Na sake haɗawa da yatsu, na haɗa da ƙwayar gyaɗa a kan faifai, duk fam sittin da biyu yake ba ni.

"Ke Saude! Tunkuzar ga ta huce ko sai na zo na matse maki?" in ji Inna daga waje.

"Ina zuwa, Inna."

"Mi wasiƙar ta ce?"

"Lahiya lau ta ce."

Ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa. Inna Delu ba ta iya karatu ba, amma fuskata ta fi ƙarfin ɓoye mata abu. "To Allah ya sa. Ni dai na gaji da tambayar mata a gidan suna. Kowa ya gan ni, yaushe bikin? Kayan ɗakinki sun yi shekara a rumbu, gara na neman cinye tabarmi."

Takardar ban nuna wa Baba ba. Na cusa ta ƙarƙashin tasoshina na jere.

Laraba na ci kwalliya duk da haka, don zuciya ba ta daina sa rai. Na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na sa murjanin da kakata ta bar mini, na zizara kwalli, lallen ƙafata ma na jiya ne. Duk motar da ta yi ƙaho a hanya sai in miƙe. Har la'asar shiru. Can sai aka ce ana sallama da ni. Na fita na sami Arzika a gindin dalbejiyar ƙofar gida, a ƙasa ya zo, rigarsa ta sha ƙurar bayan motar wani.

"Direba, ina motar?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Sun ce sai na kawo fam sittin da biyu kahin ta hita daga yadin kamfani. Wai waɗannan ba su shiga biyan wata-wata."

"Yaya anka yi? Gaya mani tun daga hwarko."

"Mun gama ciniki, akawun ya ce ya sallama, na ce na saya. Sai ya dube ni ya ce, in ƙara maka tamfol? Na ce ƙara. In ƙara maka taya? Na ce Allah ya ƙara girma. Saude, mutum ya sayi abin fam ɗari tara, ba sai a yi mai gyara ba? Har durƙusawa na yi na gode mai. Na sayo goro na sule biyu na kai mai."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin Gusau da Funtuwa, ga inda ya faɗa.

"To ka koma ka ce ba ka so. Su kwashe kayansu."

"Ba ni iyawa."

"Don mi?"

"Na riga na gaya ma duk tashar Bunguɗu. Na ce kamfanin Bature ya yi mani gyaran da ba a taɓa yi ma wani direba ba. In sun ga motar tsirara, da wane ido zan dube su? Kuma abin da ka karɓa ka yi godiya, yaya za ka mai da shi?"

"Ina za ka samo kuɗɗin?"

Ya kau da kai. Nan take na gane. Fam arba'in ya ware na aurenmu, sadaki da lefe da goro, suna ɗaure a wajen kawunsa Adamu.

"Arba'in ɗin zan ɗauko, in ranto sauran. In mota ta hau hanya, wata biyu na mai da su. Bayan salla sai a..."

"Bayan salla! Ba ka ji abin da Baba ya ce ba?"

"Ki ba shi haƙuri."

"Ni? Kai da ka san shi?" Hawaye suka ɓata mini kwalli. "Ashe dariyar 'yan tasha ta hi ni nauyi a wurinka."

"Kada ki ce haka, Saude."

"Yaushe za ka kai masu?"

"Asabar da hantsi."

Na juya na shige gida ban ko yi masa sai an jima ba.

Kwana biyu ina kai da kawowa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na ƙona ƙuli kasko guda, na zuba gishiri a kunu. Ran Juma'a na ce wa Baba zan kai man gyaɗa Gusau wajen Gwaggo Tambaya, ƙanwarsa, in duba kwanonin jere kuma. Ya ce a dawo lafiya. Na hau bayan motar auduga da garwar mai da kwandon ƙuli, rana tana dukan mu har muka wuce dutsen Kwatarkwashi, ni ko zafin ban ji ba saboda abin da nake saƙawa.

Gwaggo Tambaya tana sayar da fura a ƙofar yadin kamfanin motocin, can bayan tashar jirgi. Da na kwashe labari na gaya mata, ta tafa hannu. "Mamman akawu! Ai sana'arsa ke nan. Duk abin da ya liƙa ma mutum yana da la'ada a kai. Bara ya yi ma wani mutumin Wanke haka, sai da ya sayar da shanu biyu. To ke mi kika iya yi? Yatsa ya riga ya hau takarda."

"Gwaggo, yana cin ƙuli?"

"Kamar ɓera."

"To gobe ki ba ni gefen rumfarki."

Asabar tun da sassafe na shimfiɗa kayana. Ta cikin wayar shingen yadin na hango motar, koriya shar, sabon tamfol a ɗaure, an rubuta sunan Arzika da farin fenti. Wallahi ta yi kyau, sai da na ji tausayinsa. Ba a jima ba ga akawu a kan keke, farar taguwa da wandon kaki mai kari, alƙalami a aljihu, tabarau a kan hanci. Ya jingine keke ya ce, "A'a, Tambaya, baƙuwa kinka yi? Ba ni ƙuli na kwabo."

Na ƙirga masa huɗu, ya ba ni kwabona. Sai na yi murmushi na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙara maka wannan?"

"Ƙara mana."

"In ƙara wannan mai yajin?"

"Kai, yarinyar ga ta iya ciniki!"

Sai da na ƙara masa biyar, yana tsaye yana gurgura. Na ɗauko rabin kwalbar mai na ce, "In ƙara maka wanga, ka kai ma uwargida?" Ya karɓa hannu biyu, ya sa mini albarka, ya shige ofis yana lasar yatsa. Gwaggo ta toshe baki da mayafi.

Na ciro fensir da takardar da na yago daga littafin ajinmu, na rubuta layi shida, kowanne da lambarsa a gefe.

Da hantsi Arzika ya iso, ƙunshin kuɗi a aljihun gaba yana dafe da shi. Bai lura da ni ba, na ja mayafi na rufe fuska. Ya shiga, na ba shi ɗan lokaci, sannan na bi bayansa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa shiga ofis ba. Akwai direbobi kamar shida a kan benci suna jiran kayan gyaran mota. Arzika ya kwance ƙunshi ke nan zai fara ƙirgawa, na ajiye takardata a kan teburin.

"Saude!" Ya zabura. "Mi ya kawo ki nan?"

Ban dube shi ba. Na ce wa akawu, "Ranka ya daɗe, kuɗɗina na zo karɓa. Ƙuli biyar, sule goma-goma. Mai rabin kwalba, fam ɗaya. Fam uku da sule goma ke nan."

Ya cire tabarau. "Ke, kina da hankali? Wane ƙuli na sule goma? Ke kinka ce in ƙara maka, in ƙara maka!"

"Awo, ni na ce."

"To ai gyara ne!"

"Ka tabbata?"

"Kowa ya san gyara ne! Bayan an gama ciniki in mai kaya ya ce in ƙara maka, wa ke biya?"

Na juya wajen direbobin. "Kun ji shi da kunnenku ko?" Sannan na nuna Arzika. "Wanga bawan Allah, bayan kun gama ciniki, mi ka ce mai?"

Sai wani tsohon direba ya fashe da dariya har yana dukan cinya, sauran suka ɗauka. Akawu ya miƙe yana kumfar baki. "Nan kamfani ne, ba kasuwar ƙauye ba! Shi ya sa hannu a takarda!"

"Ka karanta mai ita? Ka hwaɗa mai kuɗɗin tamfol kahin ya ce ƙara? Ni ko ban sa ka dangwala yatsa ba, amma ƙulin yana cikinka. Ka biya ni nawa, shi ya biya ka naka."

Hayaniyar ce ta fito da manajan daga ɗakin ciki, wani Bature jajir mai gajeren wando. Yana jin Hausa irin tasu ta tsinci-tsinci. Ya ce, "Mene ne? Mene ne magana?" Akawu ya soma zuba masa Turanci, tsohon direban nan ya katse shi ya bayyana komai da Hausa dalla-dalla. Bature ya ɗauki takardata ya duba, ya dubi akawunsa, kunnuwansa suka ƙara ja. Ya tambayi Arzika, "An gaya maka kuɗi?"

Arzika ya ce, "A'a," da wata murya da ban san shi da ita ba.

"To. Abin da ba ka so, a cire. Fenti ba ya ciruwa, ka biya fam takwas. Shi ke nan." Ya jawo takardar kamfani ya ja wa layi huɗu alƙalami, ya ce wa akawu ya biyo shi ciki.

Jama'a, a lokacin ji na yi kamar in yi guɗa. Leburori suka hau motar suka kwance tamfol, suka sauke taya, suka fitar da benci da jak. Fam takwas kawai ya fita, kuma daga kuɗin da ya ranto. Arba'in ɗinmu suna nan ba a taɓa ba. Tsohon direban ma ya ce yana da tamfol na hannu zai ba shi a fam biyar, ya biya bayan salla.

Sai dai ina cikin murna ban lura dariyar ta canza wuri ba. Ɗaya ya dafa kafaɗar Arzika ya ce, "Mai gyaran Bature, ashe haka anka yi?" Wani ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, ita ce birkinka." Wani kuma ya ce in ya tashi sayen taya ya turo yarinyar nan mai ƙuli. A cikinsu biyu 'yan Bunguɗu ne. Arzika yana tsaye yana murmushin da bai kai ido ba, wushiryar nan da nake so ko leƙowa ba ta yi ba.

Shi ya mai da ni Tsafe a sabuwar motar, ni da Gwaggo da ta rako ni muna gaba. Warin sabon fenti, kujera mai laushi, abin da na yi shekara ina mafarki. Tun daga Gusau har Kwatarkwashi bai ce uffan ba. Na kasa daurewa.

"Direba, ba ka yi murna ba?"

"Na yi."

"To mi ne ne?"

Idonsa a kan hanya ya ce, "Kin san ran da zan zo, kinka tambaye ni. Kina iya gaya mani abin da kinka shirya, in shiga in hwaɗa da bakina."

"Da ka yarda?"

Ni ma na san da bai yarda ba, shi ma ya sani. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, na yi shiru. Ya sauke mu a bakin hanya, ya sauko da garwata, ya ce a gai da Baba. Ko ƙahon da ya yi mini alkawari bai busa ba.

Kwana huɗu babu wasiƙa, babu saƙo. Motarsa ta wuce ta Tsafe sau biyu da lodin gyaɗa, ina zaune a bakin hanya, bai tsaya zuba ruwa ba. Labari kuwa ya riga ni isowa gida. Inna ta ce na jawo mana abin faɗe, mace har cikin ofishin Nasara. Baba kuwa na kama shi yana dariya shi kaɗai wajen alwala. Ni dai na tambayi kaina ya fi sau ɗari: da na zauna a gida na rufe bakina, da yanzu yana da mutuncinsa a tasha, ni kuma ba ni da shi. Na tsare mana kuɗin aure, amma ban san ko akwai sauran ango ba.

Yau da azahar, saura kwana takwas azumi, aka yi sallama. Kawu Adamu ne daga Bunguɗu, da babbar riga da rawani. Na bar kaskon ƙuli a wuta na lallaɓa bayan zana.

Bayan gaisuwa na ji ƙarar ƙunshi a kan tabarma. "Malam Idris, ga kuɗɗin aure, fam arba'in cif. In kun yarda, Juma'a mai zuwa a ɗaura."

Na dafe ƙirji na ce alhamdu lillahi a raina.

"Sai dai yaron ya roƙi abu guda. Ya ce a tambayi Saude a gabanka, ta amsa da bakinta. In an ɗaura, ko ta ga zai yi kuskure a gaban mutane, za ta iya yin shiru har su koma gida? In ta ce za ta iya, shi ke nan. In ba ta iyawa, gara a sani tun yanzu."

Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya ya ce, "Ke Saude! Na san kina nan bayan zana. Shigo."

Na gyara mayafi, na taka zuwa bakin zaure, ƙulina yana ƙauri a bayana. Ina son mutumin nan kamar raina. Amma Baba bai taɓa jin ƙarya a bakina ba, kuma ni na san halina: ko gobe aka sake miƙa masa irin takardar nan a gabana, wallahi sai na yi magana.

Na durƙusa. Kawu Adamu ya ce, "To, ɗiyata, muna jin ki."